Tattaki Zuwa Kangon Jumiyej

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, ba kuma rigimar kishiyoyi ba ce, don haka masu jiran ci gaban littafi su yi mini haƙuri na mako ɗaya. Labarin wani kango ne da na taka da ƙafata na je na gani a ƙasar Faransa, wanda tun da na baro shi yake ta yi mini yawo a zuciya, har dai na ga babu abin da zai raba ni da shi sai in zauna in rubuta muku.

Mu dai a wurinmu an san matsayin kango. Wurin zuba shara ne, makwancin macizai da kunamu, kuma da magariba ta yi za ka ji iyaye suna kwaɓar yara kada su gifta ta wajen saboda mutanen ɓoye. Ban taɓa jin wanda ya yi wanka ya sa kayan fita ya ce zai je kallon kango ba, balle har ya biya kuɗin shiga. To amma an ce in da ranka ka sha kallo.

A watan Satumba na 2022 matar ƙanina ta haihu a birnin Rouen da ke yankin Normandi, a arewacin Faransa, inda yake aiki. Da yake ciwon ƙafa ya hana Inna doguwar tafiya, sai aka wakilta ni in je in zauna da mai jego. Sunan garin a baki kusan "Ruwan" ake faɗarsa, kuma ya dace da shi, domin kuwa Kogin Sen ne ya ratsa ta tsakiyarsa, shi ne dai kogin da ya biyo ta Paris. Wata ranar Juma'a da daddare muna cin abinci sai ƙanin nawa ya dube ni ya ce, "Yaya, gobe ki shirya da wuri, zan kai ki ki ga wani kango."

Na dube shi sheƙeƙe na ce, "Auta, duk gine-ginen garin nan ka rasa abin da za ka nuna mini sai kango? Ko ka manta guda nawa ne a unguwarmu?"

Ya yi dariya ya ce, "Ke dai ki sa takalmi mara tudu, don da ƙafa za mu ƙarasa."

Washegari wata maƙwabciyarsu 'yar Maraɗi ta zo ta zauna da mai jego, mu kuma muka kama hanya. Sunan wurin Jumiyej, su suna rubuta shi Jumièges. Tsohon gidan ibada ne na ruhubanawan Kirista, wato mazan nan da suke barin aure da dukiya su tare wuri ɗaya ƙarƙashin shugaba guda, rayuwarsu ba ta wuce addu'a da aiki da karatu ba. Yana yamma da Rouen, a cikin wata lanƙwasa da kogin ya yi kamar ƙugiya, ruwa ya kusa kewaye shi. Muka shiga bas muka sauka a wani ƙaramin gari na bakin kogi da ake kira Dukler. Na tambayi Auta dalilin da zai sa mu wahalar da kanmu alhali ga mota. Ya ce waɗanda suka gina wurin don mai tahowa a ƙafa ko a cikin jirgin ruwa suka gina shi, wanda ya dira daga mota a bakin ƙofa rabin abin kawai ya gani. Na yi shiru na bi shi, don na san halin autanmu, idan ya kafe sai Allah.

Muka miƙa kudu, kogi yana hannunmu na hagu. Gaskiya hanyar tana da daɗin bi. Ga fararen duwatsu irin na alli sun miƙe tsaye kamar katanga, daji a samansu, ga lambunan tuffa jere reras rassan har sun sunkuya don nauyin 'ya'ya. A ƙofar wasu gidajen an ajiye tebur da kwanduna ana sayar da abin da aka tsinko a bayan gida. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne gidaje masu rufin ciyawa, irin wanda mu muke gudu muna cewa na talaka ne, su a can abin alfahari ne. Muna cikin tafiya sai ga wani ƙaton jirgin ruwa na dakon kaya ya taho a hankali ta tsakiyar kogin, ka rantse wani dogon bene ne ya tashi yana tafiya a cikin gonaki. Auta ya ce jiragen teku suna hawowa har Rouen, ya kuma ce in riƙe wannan a raina, domin ta wannan ruwan ne arziki ya zo wa Jumiyej, ta nan ne kuma bala'i ya fara zuwar mata.

Bayan mun yi tafiya mai ɗan nisa muka iso wani ƙauye mai suna Menil, muka zauna muka sha ruwa. A nan ne wata mata mai suna Anyes Sorel ta rasu ranar 9 ga Fabrairu 1450. Masoyiyar Sarkin Faransa Sharl na Bakwai ce, ba matarsa ta aure ba. A lokacin sarkin ya sauka a gidan ibadar Jumiyej yana yaƙin ƙwato Normandi daga hannun Ingilishi, ita kuwa ta biyo shi da tsohon ciki a tsakiyar sanyin hunturu, ta haihu, bayan 'yan kwanaki ta cika tana da ƙuruciyarta. Aka binne zuciyarta a Jumiyej, gangar jikin aka kai garin Losh. A 2005 likitocin Faransa suka binciki ragowar gawar suka tarar da zaiba mai yawan gaske a jikinta, har yau ana muhawara ko magani ne ya yi yawa ko kuwa sammu aka yi mata da guba. Kun san halin marubuciya, nan take na fara ƙulla babi a kaina, har Auta ya ce, "Yaya, tashi mu tafi, na ga idonki ya fara lissafin shafuka."

Daga Menil hanya ta juya arewa. Ƙafafuna sun fara yi mini nauyi, ina ta mita a ciki, can sai na hango kawunan wasu fararen hasumiyoyi guda biyu sun leƙo ta saman bishiyoyi. Na ce alhamdulillahi mun iso. Ashe da sauran tafiya. Mu yi gaba su ɓuya a bayan lambu, mu sha kwana su sake fitowa sun ƙara tsawo, haka suka yi ta yi mana wasan ɓuya har muka shiga garin, kusan awa uku da barinmu Dukler. A nan na gane abin da Auta yake nufi. Daga nesa babu abin da zai nuna maka cewa ginin nan ya mutu. Yadda na hango shi haka matafiyi ya hango shi shekara 900 da suka wuce, ya ji sanyi a ransa don ya san zai sami masauki da abinci.

Muka biya kuɗi a ƙofa muka shiga. Hasumiyoyin nan tsawon kowace mita 46, ƙasansu mai kusurwa huɗu, samansu mai kusurwa takwas. Muka bi ta ƙofar da ke tsakaninsu muka faɗa cikin majami'ar, na ɗaga kai don in ga rufi, sai na ga sararin samaniya da gajimare yana wucewa. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Bango biyu sun miƙe hagu da dama, tsayinsu ya kai mita 25, ginshiƙai a jere, bakan gizo a kan bakan gizo, tagogi babu gilashi, tsuntsaye suna shiga suna fita abinsu. Can gaba wani bango guda ɗaya tilo yana tsaye a kan wani ƙaton bakan gizo, shi ne abin da ya saura daga hasumiyar tsakiya. Bayansa kuma, inda ya kamata a ce nan ne zuciyar ginin, wurin da ruhubanawan suke tsayuwa suna addu'o'insu dare da rana, babu komai sai fili da guntayen tushen bango.

Muka sami wani dutse muka zauna, Auta yana karanta mini allunan bayani yana fassarawa. A shekarar 654 wani malamin Kirista mai suna Filiba ya kafa gidan, a kan filin da Sarki Kulobis na Biyu da matarsa Batilda suka ba shi. Idan ka auna da namu tarihin, zamanin halifancin Sayyidina Usman ke nan, Allah Ya ƙara masa yarda. Gidan ya bunƙasa ya yi dukiya, har zuwa 841 lokacin da mayaƙan ruwa na arewacin Turai da ake kira Viking suka hawo kogin da jiragensu, suka wawashe shi suka cinna masa wuta. Ruhubanawan suka gudu da abin da suka iya ɗauka, ciki har da littattafansu masu daraja, wurin ya zama kufai.

Abin mamakin shi ne, zuriyar waɗanda suka ƙona shi su ne suka tashe shi. A 911 Sarkin Faransa ya yanka wa shugaban Viking mai suna Rollo ƙasa ya ce su zauna, suka karɓi addinin Kirista, aka riƙa kiransu Normawa, wato mutanen arewa, daga nan ƙasar ta sami sunan Normandi. Ɗan Rollo, Wiliyam mai laƙabin Dogon Takobi, shi ya dawo da ruhubanawa Jumiyej wajen 940. Babbar majami'ar da muke zaune a cikinta kuwa a 1040 aka fara ta, aka buɗe ta a 1067 a gaban Wiliyam, basaraken Normandi da ya ci Ingila da yaƙi a 1066. Ke nan ta girmi ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ta. A 1562 ma, lokacin yaƙin ɗariƙu tsakanin Kiristocin Faransa, an sake wawashe gidan, ya kuma sake farfaɗowa.

Na ce, "To Auta, wane yaƙin ne ya yi masa wannan aika-aikar? Ko na Hitila ne?"

Ya girgiza kai ya ce, "Babu yaƙi, Yaya. Sayar da shi aka yi."

Bayan juyin juya halin Faransa na 1789, sabuwar gwamnati ta rushe ƙungiyoyin ruhubanawa ta ƙwace kadarorinsu. 'Yan tsirarun da suka saura a Jumiyej suka watse, aka sa ginin a kasuwa. Ya bi hannu har ya faɗa wurin wani ɗan kasuwar katako mai suna Lefor, wanda a 1802, shekara biyu kafin hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu, ya sa albarushi ya tarwatsa gabashin majami'ar. Daga nan wurin ya zama mahaƙar dutse har zuwa 1824. Duk mai son gini ya zo da amalanke ya biya ya loda. Wasu sassaƙaƙƙun duwatsun ma har teku suka haye, domin wani basaraken Ingila da ya yi jakadanci a Paris ya saye su ya liƙa a jikin gidan da ya gina a kudancin Ingila a shekarun 1830, ana kiran gidan Highcliffe, yana nan har gobe. Sai da waɗanda suka mallaki wurin daga baya suka tsayar da ɓarnar, sannan gwamnatin Faransa ta saye shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 2007 kuma ya koma hannun hukumar lardin.

Na daɗe ina juya wannan magana. Maƙiyi ya zo da wuta ya ƙona, amma da yake akwai masu ganin ba za su iya rayuwa ba sai da wurin, ya tashi. Wanda ya gama da shi ba maƙiyi ba ne, ɗan ƙasa ne, mai jin yarensu, daga wani gari da ke nan kusa. Ba na jin yana da wata ƙiyayya a ransa. Lissafi kawai ya yi, ya ga dutsen da aka riga aka sassaƙa ya fi wanda za a fasa daga tsauni sauƙin sayarwa. Waɗanda suka saya su ma ba mugaye ba ne, kowa ɗakinsa yake son ginawa. Wannan shi ne abin da ya tsorata ni, domin na san irin wannan lissafin, na gan shi a jikin badalar Kano inda ake ɗibar ƙasa kwano-kwano, kowa yana cewa ɗan wannan da na ɗiba me zai rage.

Muka tashi muka zaga ta kudu inda farfajiyar ruhubanawan take. Rumfunan da suka kewaye ta duk an kwashe, sai wata tsohuwar bishiya mai duhun ganye a tsakiya, an ce ta kai shekara 500. Kusa da nan akwai wata ƙaramar majami'a mai sunan Bitrus, wadda wani sashe na bangonta ya girmi babbar nesa ba kusa ba. Ina tsaye a inuwar bishiyar sai tambayar da ta fi damuna ta faɗo mini. Mutanen nan marubuta ne. Kafin zuwan injin ɗab'i su ne suke zama da fatar tumaki da ta maruƙa da aka jeme, su kwafi littafi da hannu harafi bayan harafi, wani ya shekara yana kan guda ɗaya. A nan ne ma wani daga cikinsu, Wiliyam na Jumiyej, ya rubuta tarihin sarakunan Normandi wajen 1070. Na ce, "Ina littattafansu? Su ma an auna an sayar?"

Auta ya ce a'a, suna Rouen, a ɗakin karatu na birni. Lokacin da aka rufe gidajen ibadar, an ɗora wa wani daga cikin ruhubanawan Rouen mai suna Gurdan aikin tattara littattafansu, aka kwashe na Jumiyej aka kai birni kafin masu amalanke su iso. Ɗaruruwan rubuce-rubucen hannu sun tsira ta haka. A cikinsu akwai wani littafin addu'o'i da aka rubuta a Ingila, wanda Robat, shugaban gidan da ya fara gina majami'ar, ya aiko musu bayan ya zama bishop na Landan. A jikin littafin an rubuta tsinuwa a kan duk wanda ya raba shi da Jumiyej. Na yi dariya har da riƙe ciki, don na tuna yadda muke rubuta Allah Ya isa a bangon littattafanmu na makaranta saboda ɓarayi. Ikon Allah, raba shi da wurin da aka yi shi ne ya cece shi. Dutse mai nauyin da ƙarti goma ba za su ɗaga ba ya tafi, fatar tunkiya tana nan, saboda mutum ɗaya ya zauna ya yi jerin sunaye ya sa a akwati ya kai inda za a adana.

Da muka fito muna neman wurin da za mu yi sallar azahar, Auta ya ba ni labarin wani marubuci ɗan Rouen mai suna Moris Lebulan, wanda yana yaro yakan zo hutu gidan kawunsa a nan Jumiyej. Shi ne ya ƙirƙiro shahararren ɓarawon nan na cikin labari, Arsen Lufan, a 1905, kuma a wani littafinsa na 1924 ya ƙulla labarin dukiyar ruhubanawa da aka ɓoye a wannan yankin. Labaransa a mujalla suke fitowa kashi-kashi, na nishaɗi ne, irin waɗanda manyan masana suke yi wa kallon hadarin kaji. Na ce ashe ɗan'uwanmu ne, ɗan adabin kasuwa. Bambancin kawai shi ne nasa ba su ɓata ba. Tun 1537 Faransa take da dokar da ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi ɗakin karatu na ƙasa, ba ruwan dokar da ko littafin na malamai ne ko na 'yan mata.

A nan ne kangon ya daina zama na Turawa a wurina. Daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa yau, Allah kaɗai Ya san yawan littattafan da marubutan Hausa suka buga da kuɗin aljihunsu, a kan takarda mai arha, aka sayar a kasuwa, aka bayar haya, suka bi hannu har suka yage. Yau idan ka nemi da yawa daga cikin na farkon ba za ka samu ba. Babu wanda ya yaƙe su. Mai shago ya ga sun daina tafiya tun da karatu ya koma waya, ya auna su a sikeli ya sayar wa mai ƙosai da mai tsire, sauran gara ta yi walima. Na taɓa sayen gyaɗa aka ƙunsa mini a shafi na 43 na littafin wata marubuciya da ta riga mu gidan gaskiya, na tsaya a bakin titi na karanta shafin gaba da baya, ban san inda zan sami sauran ba. Mai gyaɗar bai yi laifin komai ba, shi ma lissafinsa ya yi, irin na Lefor.

Mu ma muna da dokar kai kwafi ɗakin karatu na ƙasa tun 1970, amma marubuta nawa ne suka san da zamanta? Akwai kuma waɗanda suka yi irin aikin Gurdan, Allah Ya saka musu. A 2004 an buga jerin sunayen littattafan hikayar Hausa na 1987 zuwa 2002, wanda Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka haɗa. Sai dai aikin ya fi ƙarfin mutum uku, kuma bai kamata mu zauna muna jiran wani ya zo daga nesa ya tsince mana ba.

Don haka roƙona ga 'yan'uwana marubuta, da ku masu karatu musamman mata, waɗanda na san akwai buhunan littattafai a ƙarƙashin gadajenku tun na zamanin 'yanmatanci: kada ku bayar a auna. Ku fito da su ku kakkaɓe, ku rubuta sunan littafi da na marubuci da shekarar bugu, wanda ya fara lalacewa a ɗauki hotonsa shafi-shafi da waya. Marubuci ya ware kwafi ya kai ɗakin karatu na jami'ar da ke kusa da shi, ya kuma bar wa 'ya'yansa wasiyya a kan sauran. Ba sai littafin ya zama gagarabadau ba. Waɗanda suka kwashe na Jumiyej ba su tsaya tantance mai kyau da mara kyau ba, sun bar wa na baya su yi wannan hukuncin, ga shi yau bayan shekara fiye da 200 ana buɗe su ana karantawa.

Allah Ya jiƙan marubutanmu da suka rasu, Ya sa abin da muka rubuta ya zama hujja gare mu ba a kanmu ba. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.